Tsakanin Jiha da Makaranta: Aikin Ofishin Ilimi na Gunduma a Kalifoniya

 

Mai girma shugaban wannan zama, Allah ya ƙara maka lafiya. Iyayenmu sarakuna da masu riƙe da sarauta, Allah ya ja zamaninku. Sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, shugabannin makarantu, malamai maza da mata, 'yan kwamitocin kula da makarantu, da ɗaliban da ke zaune can baya, barkanku da zuwa. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan taro da suka ga dacewar ba ni dama, alhali ga manyana zaune a gaba.

Abin da zan yi magana a kai shi ne aikin ofishin ilimi na gunduma a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Na san wani zai ce a ransa, Malam, iska ta yaye mana kwanon aji, kai kuma za ka kai mu Amurka? A yi mini uzuri. Ba kuɗinsu zan nuna muku ba, don ba mu da irinsa. Wani tsari zan nuna muku: ofishin da ke zaune tsakanin jiha da masu tafiyar da makarantu, wanda ba shi ya ɗauki malamansu aiki ba, ba shi ya gina musu aji ba, amma doka ta ce a rana kaza sai ya duba littafin kuɗinsu, a mako kaza sai ya shiga ajinsu. Zan kawo abubuwa shida, wasu zan daɗe a kansu, wasu zan wuce da sauri.

Na farko: su wa ke da makarantun?

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta tafiyar da makarantun firamare da sakandare. Ilimi hurumin jiha ne, ita kuma jiha ta miƙa aikin yau da kullum ga hukumomin makarantu na yanki. Mutanen yankin ke zaɓen 'yan majalisar hukumar, su kuma su ɗauki shugaba, su ɗauki malamai, su sayi littattafai, su yi kasafin kuɗi. A wajajen 1940 irin waɗannan hukumomi sun haura 117,000 a faɗin ƙasar, da yawansu makaranta ce guda mai aji ɗaya a cikin gonaki. Aka yi ta haɗe su har yanzu suka dawo kusan 13,000.

Kalifoniya tana da irin waɗannan hukumomi kusan dubu guda, tana kuma da gundumomi 58, kowace da ofishinta na ilimi. Tsarin mulkin jihar na 1879 ya tanadi muƙamin shugaban ilimi na gunduma, don haka ba sabon abu ba ne. A mafi yawan gundumomi jama'a ke zaɓensa da ƙuri'a. A 'yan kaɗan, irin su Los Angeles, naɗa shi ake yi. Kuma girmansu ya sha bamban ƙwarai. Gundumar Los Angeles tana da mutum kusan miliyan 10, ofishinta na kula da hukumomin makarantu 80. Gundumar Alpine, can cikin duwatsu, duk mutanenta ba su fi 1,200 da wani abu ba, hukumar makarantu ɗaya ce tak a cikinta.

Ku riƙe wannan: shugaban ilimi na gunduma ba ubangidan hukumomin yanki ba ne. Ba ya iya korar hedimasta a makarantarsu, ba ya iya yi wa malaminsu canjin wurin aiki. To in haka ne, me yake yi?

Na biyu, kuma a nan zan daɗe: kuɗi.

A watan Afrilun 1991 hukumar makarantun Richmond, kusa da San Francisco, ta sanar da cewa aljihunta ya ƙare. Ta ce za ta rufe makarantunta makonni shida kafin ƙarshen zango, yara sama da 30,000 su koma gida. Shugabanta ya daɗe yana kashe kuɗi a kan wani tsari na makarantun zaɓi mai ƙayatarwa, ana ta yabonsa, ba wanda ya tsaya ya tambayi inda za a samo kuɗin gobe. Iyaye suka garzaya kotu. Kotu ta hana rufewar, jiha ta ba da rance, sannan a 1992 kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira ta Butt cewa in hukumar yanki ta gaza, nauyin karatun yaran yana komawa wuyan jiha. Bashin da Richmond ta ci kuwa, sai a 2012 aka gama biyansa. Yaron da aka haifa shekarar da aka ci bashin, ya gama sakandare ana kan biya daga kuɗin da ya kamata a saya masa littafi.

Da jiha ta ga ita za ta riƙa ɗaukar asarar, sai ta nemi wanda zai tsaya mata a kusa. A 1991 majalisa ta yi dokar da ake kira AB 1200, ta ɗora aikin a kan ofishin gunduma. Ga yadda shekara take tafiya. Kafin 1 ga Yuli kowace hukumar yanki ta zartar da kasafinta, ta aika wa gunduma. Gunduma ta duba, ta amince, ko ta amince da sharaɗi, ko ta mayar da shi. A tsakiyar Disamba hukumar ta kawo rahoton farko na yadda kuɗi ke tafiya, a tsakiyar Maris ta kawo na biyu. A kowane rahoto dole 'yan majalisar hukumar su sa hannu a kan ɗaya daga cikin maganganu uku: za mu iya biyan buƙatunmu bana da shekaru biyu masu zuwa, ko mai yiwuwa ba za mu iya ba, ko ba za mu iya ba. In suka ce lafiya lau, gunduma ta ga ba lafiya ba, tana da ikon sauke su zuwa mataki na ƙasa. Akwai kuma ajiyar ko-ta-kwana da doka ta wajabta, kashi 3 cikin 100 na abin da ake kashewa ga hukumomi masu matsakaicin girma.

Ku dubi hikimar da ke cikin "shekaru biyu masu zuwa". Ai ba ranar da aka kasa biyan albashi ne aka talauce ba. Ranar da aka sa hannu a kan ƙarin albashin da kuɗin baɗi ba zai ɗauka ba, ko aka ci gaba da riƙe ma'aikata alhali yara suna raguwa, ranar aka talauce. A Kalifoniya kuɗin makaranta yana bin yawan yaran da ke zuwa aji ne, don haka in yara ɗari suka ragu, kuɗi ma zai ragu. Ma'aikacin gunduma yana zaune da takardar, yana tambaya: kun ce baɗi yaranku za su ƙaru, bisa wace hujja, tunda shekara uku ke nan suna raguwa? Tambaya ce mai sauƙi, amma ɗan siyasar da ke neman a sake zaɓensa ba zai yi wa kansa ita ba.

In abu ya ƙi gyaruwa, ikon gunduma yana ƙaruwa mataki-mataki. Ta tura masani ya zauna da su. Ta naɗa mai ba da shawara kan kuɗi. Daga nan tana iya dakatar da shawarar da majalisar hukumar ta yanke, ko ta soke ta, in ta ga za ta ƙara jefa su rami. Akwai kuma wata tawagar ƙwararru ta jiha, FCMAT, da dokar ta haifar, wadda ake kira in tura ta kai bango. Abin sha'awa, ba a babban birnin jiha aka ajiye ta ba, ofishin ilimi na gundumar Kern ke riƙe da ita. Mataki na ƙarshe shi ne rancen gaggawa daga jiha, shi kuwa da tsada yake zuwa: shugaban hukumar ya tafi, zaɓaɓɓun 'yan majalisa su koma masu ba da shawara kawai, a naɗa kantoma.

Shin dokar ta hana faɗuwa baki ɗaya? Ina! A 2003 hukumar makarantun Oakland ta durƙushe, sai da jiha ta ba ta rancen dala miliyan 100. Inglewood ta bi sahu a 2012. Amma a cikin hukumomi kusan dubu, a tsawon shekara talatin da ɗoriya, waɗanda suka kai ga wannan matakin 'yan kaɗan ne. Sauran an tare su tun suna tangaɗi, kuma wanda aka tare ba ya shiga labarai.

Na uku: littafi a hannun yaro.

A shekarar 2000 aka shigar da ƙarar da ake kira shari'ar Williams a madadin ɗaliban makarantun talakawa. Ƙorafin bai da wuyar fahimta a wurinmu: ba littattafai, banɗaki ya lalace, rufi na yoyo, ɓeraye a aji, malamin da ke koyar da darasin da bai karanta ba. E, a Amurka. A 2004 jiha ta sasanta, ta yi alkawarin dala miliyan 800 don gyaran gaggawa, ta kuma ba shugaban ilimi na gunduma aikin zagaya makarantun da suka fi rauni.

Bari in nuna muku yadda ziyarar take. Dole a yi ta cikin makonni huɗu na farkon shekarar karatu, ba a ƙarshen zango ba lokacin da aikin gama ya riga ya gama. Aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ziyarce-ziyarcen ba a sanar da makaranta. Ma'aikaciya ta shiga aji riƙe da jerin littattafan da hukumar ta ce ta saya. Ba ofishin hedimasta za ta zauna a kawo mata rasit da lemo ba. Za ta dubi yara, ta tabbatar kowane yana da littafin lissafi nasa na kansa, wanda zai yi aiki da shi a aji ya kuma tafi da shi gida. In yara talatin ne littafi ashirin da takwas, to biyu sun rasa, haka za a rubuta. Ta fita ta murɗa famfo ta ga ko ruwa na zuwa, ta leƙa banɗaki, ta duba tagar da ta fashe. A bangon kowane aji kuma akwai takardar da doka ta ce a manna, mai shaida wa iyaye da yara cewa littafi da tsabtataccen wuri da ƙwararren malami haƙƙinsu ne, ga kuma inda za a kai ƙara. Ma'aunin "isassun littattafai" ba a bar shi ga ra'ayin mai dubawa ba. Yaro ɗaya, littafi ɗaya. Malamai, wa zai iya yin gardama da wannan lissafi?

Na huɗu: aikin da ya fi ƙarfin hukuma ɗaya.

Tun 1975 dokar tarayya ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara masu naƙasa, a kuma ba su karatun da ya dace da su kyauta. To ku ɗauki ƙaramar hukuma mai yara ɗari biyu a cikin duwatsu, a cikinsu akwai kurma guda da makauniya guda. Za ta ɗauki malamin kurame saboda yaro ɗaya? Ba ta iyawa, doka kuma ba ta ce in kun iya ba. Sai gunduma ta ɗauki malamin, ya riƙa zagayawa, yau a nan gobe a can. Kamar injin niƙa ne a ƙauye: ba kowane gida ke sayen nasa ba, ɗaya ya ishi gari. Haka ake yi da lissafin albashi, da hanyar intanet, da horar da sababbin malamai, da tantance takardun shaidarsu. Wannan buƙata ce ta sa wasu jihohi suka kafa makamantan ofishin ko da ba a kan iyakar gunduma ba: Teksas tana da cibiyoyi 20, Pennsylvania 29, Michigan 56. A Florida kuwa gundumar ce kanta hukumar makarantu.

Sai yaran da kowa ya saki. Yaron da aka kora daga makaranta, iyayensa na iya ɗaukaka ƙara zuwa majalisar ilimi ta gunduma, ita kuma tana iya soke korar. In korar ta tabbata, ba titi za a tura shi ba, gunduma tana da makarantun da ke karɓar irinsa. Yaron da ke tsare a gidan kangararru, gunduma ce ke koyar da shi. A nan ofishin yana da makarantu nasa na kansa, kuma a nan ne ya taɓa jin kunya mafi girma. A 2010 aka kai ofishin ilimi na Los Angeles kotu saboda makarantar wani sansanin tsare yara da ake kira Challenger. Cikin abin da ƙarar ta ƙunsa har da wani matashi da aka miƙa wa takardar kammala sakandare alhali ba ya iya karatu. Aka sasanta a shekarar, aka yi alkawarin gyara. Mai duba aikin kowa, shi wa ke duba nasa? Ranar dai lauyoyi ne suka duba.

Na biyar, a taƙaice. A 2013, zamanin Gwamna Jerry Brown, jiha ta sauya yadda take raba kuɗin makarantu: aka ƙara kashi 20 cikin 100 a kan kowane yaro ɗan talaka, ko mai koyon Turanci, ko wanda ke hannun riƙo, aka kuma sakar wa hukumomi mara su kashe yadda suka ga ya dace, da sharaɗin su rubuta shirin shekara uku bayan sun tuntuɓi iyaye. Gunduma ce ke amincewa da shirin, ita ce kuma ke taimaka wa hukumar da sakamakonta ya yi ƙasa. Ga inda gizo ke saƙa. Ofishin da kake kai wa kukanka da safe, shi ne zai iya mayar maka da kasafinka da yamma. Za ka buɗe masa cikinka? Kuma shugaban da ƙuri'a ta kawo, zai yi ƙarfin halin cewa babbar hukumar gundumarsa ta kusa tsiyacewa ana saura wata shida zaɓe? A ganina wannan rauni ne na gaske, kuma abin da ke rage shi kawai shi ne ranakun da doka ta kafa. Disamba za ta zo ko yana so ko ba ya so, rahoton kuma a bainar jama'a ake gabatar da shi.

Na shida: mu fa?

Ranka ya daɗe shugaban zama, ka ba ni izini in dawo gida. Mu ma muna da ofishi a ƙasa da jiha. Tun dokar ilimi ta Jihar Arewa ta 1962 muka san hukumar ilimi ta ƙasa-ƙasa, har yau ga allunan makarantunmu ɗauke da L.E.A. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004: UBEC a Abuja da kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, SUBEB a kowace jiha, sai hukumar ilimi a ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai tana da 44. A takarda, sai ka ce tsari ɗaya ne da wanda na bayyana.

Ba ɗaya ba ne, kuma kada mu yaudari kanmu. Ofishin sakataren ilimi ba a tsakiya yake ba, shi ne matakalar ƙarshe ta tsani guda mai saukowa daga sama. A ƙarƙashinsa babu wata hukuma mai kasafin kanta da zai duba. Hedimasta ne da rajista da kwalin alli. A samansa kuma akwai masu yanke albashin malamai tun daga asusun haɗin gwiwa, su ba da kwangilar kujeru, shi sai dai ya ga mota ta sauke kaya a sa shi ya sa hannu. Kun san ofishin da nake nufi: tebur, kabad cike da fayil, jadawalin zagayen makarantu manne a bango, babur ɗin mai duba makarantu jingine a baranda ba mai. Ba na zargin mutumin da ke kan kujerar, da yawansu suna nan zaune kuma na san abin da suke ciki. An ba shi alhakin komai, ba a ba shi ikon komai ba, ba a kuma kafa masa ranar da dole a saurare shi ba.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Masu shekaru a cikinmu sun tuna 1991, lokacin da aka miƙa makarantun firamare ga ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni ba albashi, har aka dawo da hukumar tarayya mai kula da ilimin firamare a 1993. In kuɗin ya sauko wannan karon, wa zai zauna da ciyaman a tsakiyar shekara ya ce, ranka ya daɗe, sa hannu a nan cewa za ka iya biyan malamanka bana da baɗi? Wannan kujerar babu kowa a kanta.

Abu biyu nake gani za a iya ɗauka ba tare da an jira kuɗin Amurka ba. A kafa ranaku a dokar jiha da kowace ƙaramar hukuma za ta bayyana kuɗin ilimi a gaban jama'a, wani wanda ba ita ke biyansa ba ya duba. A kuma kafa ziyarar makonni huɗun farko, da ma'auni guda da ba ya karɓar gardama: yara nawa, littafi nawa, malami nawa ya zo yau, a manna sakamakon a ƙofar makaranta inda 'yan kwamiti da mai unguwa za su gani. Na uku da zan so a tattauna, don ban yarda ƙaramar hukuma ɗaya za ta iya shi ita kaɗai ba, shi ne ƙananan hukumomi huɗu ko biyar su haɗa hannu su ɗauki malamin kurame da na makafi masu zagayawa. Sakatarorin ilimi, ku kuka san inda hakan zai ci karo da doka da inda zai ci karo da siyasa, kuma ina so in ji daga bakinku.

  Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, kuma ina roƙon a fara ba malaman aji dama kafin manyan baƙi.